Tsaga Katako Da Zarton Firam: Amsa Ga Wani Kafinta A Aboabo

Wani matashin kafinta daga Aboabo ne ya aiko da tambaya. Ya ce: "Masta, na sayi tsofaffin falankan odum masu kaurin inci 2 daga wani gida da aka rushe. Siraran alluna nake so, na rabin inci, don akwatuna da ƙofofin kabad. In na kai wa masu inji goge shi za su yi har ya sirance, sauran ya tafi a dusa. Na ga Turawa a intanet suna tsaga katako da wani dogon zarto mai firam. Zan iya haɗa irinsa a nan Kumasi? Kuma zai biya wahalarsa?"

Za ka iya, ƙanena, kuma duk abin da kake bukata yana tsakanin Sokoban, kasuwar katako, da Suame Magazine, unguwar makanikai da masu walda. Maganar ko zai biya kuwa, sai mun ga katakon da za ka sa masa. In itacen wawa ne ko ofram ko rimi, kada ka ɓata ƙarfinka, je ka sayi mai kaurin da kake so. Amma tsohon odum da ya yi shekara da shekaru a jikin gida, ya bushe ƙayau, irin wanda yau ko da kuɗinka sai ka sha yawo kafin ka samu, wannan ya cancanci gumi. Yi lissafin da kanka. Inci 2 milimita 50 ne da ɗan ɗoriya. Zarton firam mai kyau milimita ɗaya da rabi yake ci a kowace tsaga. Tsaga biyu sun ci 3, saura 47, ka raba uku: kowane allo ya haura milimita 15, in ka goge ya tsaya a 12 ko 13. Alluna uku ke nan daga falankin da injin gogewa zai ba ka ɗaya. Ga kuma ribar da ba ta shiga lissafi: alluna biyu da suka fito daga tsaga ɗaya, in ka buɗe su ka jera gefe da gefe, zanen jijiyarsu yakan yi daidai dama da hagu. A ƙofar kabad wannan kaɗai yana ƙara wa aiki daraja.

Ba na cewa babu injin da zai yi maka wannan. Tun da aka tashi masu katako daga Anloga aka mai da su Sokoban saboda aikin hanyar Oforikrom zuwa Asokwa, can injinan suka taru, kuma akwai masu banso, wato injin da zartonsa ɗamarar ƙarfe ce mai zagayawa. Sai dai ka auna kuɗin ɗaukar kaya zuwa da dawowa saboda falanki huɗu ko biyar, ka kuma tuna mai banso ba ya murna da katakon tsohon gida, don ƙusa ɗaya da ta ɓuya a ciki ta isa ta lalata masa zarto.

Shi wannan zarto ba sabon abu ba ne. Wani kafinta ɗan Faransa, André-Jacob Roubo, ya zana shi dalla-dalla a littattafan kafintanci da ya fara wallafawa a 1769, mutum biyu suna ja suna fitar da siraran alluna na ado. Shi ya sa za ka ji masu bidiyo suna kiransa da sunan mutumin. A nan ƙasar ma, kafin injin sarƙa ya cika daji, da hannu ake tsaga gungume: a haƙa rami, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, dusa tana zuba a kan na ƙasan.

Yawancin masu son haɗa shi da firam suke farawa, don shi ne aikin da hannunsu ya saba. Ni na ce ka bar firam tukuna. Itace huɗu ne, kowane yaron shago zai haɗa. Abin da zai sa zarton ya bi layi ko ya bauɗe yana ruwan zarton ne, musamman haƙoransa, kuma nan za ka kashe yawancin lokacinka.

Je wurin likitan zarto, mai wasa wa masu banso zartunansu, ka nemi guntun wanda ya tsage aka daina aiki da shi. Kana son tsawon ƙafa 3 in kai kaɗai za ka ja, ƙafa 4 in ku biyu ne, faɗi inci 3 zuwa 4, kauri kada ya wuce milimita 1. Tafi da magagari a aljihunka. Goga shi a gefen ƙarfen: in ya kama ya ci, ƙarfen zai wasu, in ya zame yana ƙara, an ƙona shi ya yi taurin da magagari ba zai iya ba, bar shi. Ɗaga shi a haske ka duba gindin haƙoran da kyau, don daga nan tsagewa take farawa, kuma ƙaramar tsaga in ta sha ɗauri sai ta ƙarasa. Akwai siririn ruwan banso mai faɗin inci ɗaya da kwata, ya fi sauƙin samu, kuma yana yi. Amma faɗin ƙarfen da ke bayan haƙora shi ne yake riƙe zarto a hanyarsa, don haka siriri ya fi saurin yawo cikin katako mai faɗi.

Haƙoran da za ka tarar a jikinsa ba naka ba ne. An yi su ne don mota mai ƙarfin dawakai, tazararsu ta haura inci, bakinsu ya tanƙwaro gaba. In ka sa su a odum da hannu cafkewa za su yi, ko motsi ba za ka iya ba. A yanke wannan gefen da giranda, a hankali, ana zuba ruwa. In ƙarfen ya yi shuɗi, wurin ya yi laushi, ba zai riƙe kaifi ba. Daga nan ka miƙar da gefen da magagari mai faɗi har ya yi santal, ka fitar da sabbin haƙora.

Haƙora 3 a kowane inci nake ba ka shawara, wato tazarar milimita 8. Za ka ga kamar sun yi girma, amma duba aikin da ke gabansu. Haƙorin da ya shiga falanki mai faɗin inci 10 sai ya ɗauki dusarsa ya yi tafiyar inci 10 da ita kafin ya sami wurin zubarwa. In ramin da ke tsakanin haƙora ƙarami ne, tun a inci na uku ya cika, zarto ya hau kan dusa ya daina ci, kai kuma ka fara dannawa, dannawar nan ita ce mafarin bauɗewa. Dalilin ke nan da zarton hannu na kanti, mai haƙora 7 ko 8 a inci, yake gajiyar da mutum a banza a irin wannan aiki. In allunanka ba su wuce faɗin inci 6 ba, haƙora 4 ko 5 sun yi.

Zana tazarar a takarda ka manna a gefen ƙarfen, ka matse shi tsakanin katako biyu miƙaƙƙu, bakinsa kaɗai ya leƙo. A kowane layi ka ɗan tsaga da zarton ƙarfe don magagari ya sami wurin zama. Sannan ka ɗauki babban magagari mai kusurwa uku ka bi su, gugu uku-uku ko huɗu-huɗu a kowane rami, ka kai ƙarshe ka dawo, ka sake. Kada ka gama haƙori ɗaya kafin ka taɓa na gaba, in ba haka ba wasu za su fi wasu. Magagarin ya ratsa ƙarfen kai tsaye, ba a karkace ba. Karkacewa ta zarton yanke katako a gicciye ce, mai datse jijiya. Na tsagawa bin jijiya yake yi, kowane haƙori ƙaramin cizal ne mai fiffike katako. Fuskar haƙorin ta tsaya a tsaye, ko ta ɗan jingina baya kaɗan, kamar digiri 5 zuwa 8. Mai tsayuwa cak ya fi ci amma ya fi wuyar tayarwa. Ga odum na fi son mai ɗan jingina. A ruwan ƙafa 3 haƙora kusan 100 za ka fitar, don haka sayi magagari biyu, na farkon ba zai kai ka ƙarshe da kaifinsa ba.

Da sun fito, ka shafa magagari mai faɗi a kansu sau ɗaya ko biyu. Kowane haƙori zai nuna ɗan farin tabo a tsininsa. Wanda bai nuna ba gajere ne, ba zai yi aiki ba. Wanda tabonsa ya yi faɗi dogo ne. Ka ci gaba da wasawa har tabon ya ɓace a kowanne a lokaci guda.

Saura buɗi, kuma a nan ne zartuna da yawa suke lalacewa. Ana karkata haƙori ɗaya dama, na gaba hagu, don hanyar da zarto yake buɗewa ta ɗan fi kaurin jikinsa. Mutanenmu sun saba da ɗanyen katako, shi ya sa suke buɗewa da yawa. Busasshen odum kaɗan yake so, kwatan milimita a kowane gefe ya wadatar, kuma kan haƙorin kaɗai ake karkatawa, ba daga gindi ba, don kada ya karye. Buɗi in ya yi yawa, katako kake ci a banza, ƙarfinka yana tafiya a banza, zarton kuma yana rawa a hanyar da ta fi shi faɗi. In ba ka da abin buɗe haƙora na kanti, tsaga ɗan guntun ƙarfe daidai kaurin ruwan ka riƙa kamawa da shi. Hannu ba ya daidaita su sarai, to ga dabara: naɗe haƙoran da takardar jarida ninki biyu ko uku, ka matse su da ƙarfi tsakanin ƙarafa biyu masu sulɓi. Tsinin haƙora zai huda takardar ya taɓa ƙarfe, duk wanda ya wuce kaurin takardar a komo da shi. Bayan haka ka gwada a guntun katako ba tare da ka tuƙa shi ba. In kullum dama yake ja, buɗin dama ya fi yawa: kwantar da ruwan ka shafa dutsen wasa a wannan gefen sau ɗaya, ka sake gwadawa. Sau ɗaya na ce. Abin da dutse ya cire ba ya dawowa.

Ƙarafan kama ruwan, kowane mai walda a Magazine zai yi maka in ka zana masa. Bolti mai kaurin milimita 12, a yi waldar ƙarafa biyu masu faɗi a kansa su zama baki, ruwan zarto ya shiga tsakaninsu, a soke da ƙaramin bolti. Guda biyu, ɗaya kowane ƙarshe. Kada ka yarda a yi walda a jikin ruwan kansa, zafin zai sa ya karye a daidai wurin. Hujin ruwan yana cinye bakin abin huji na yau da kullum. Wanda ake huda kankare da shi ya fi, a hankali, da ɗigon mai, da katako mai tauri a ƙasa. Ka sa hujin ya ɗan matso gefen haƙora maimakon tsakiya, don ɗaurin ya fi ƙarfi a inda ake yanka. Sannan ka ce masa wuyan boltin ya zama mai kusurwa huɗu, kai ma ka fafe raminsa haka a katako. In zagayayye ne, duk lokacin da ka murɗa noti ruwan zai juya tare da shi.

Sai ƙarafan sun zo hannunka ka auna, sannan ka yanka itacen firam. Dogaye biyu na gefe, inci ɗaya da rabi kowace fuska. Gajeru biyu na kai da gindi, kaurin inci 2, faɗin inci 3 ta wajen da ɗauri yake ja, don su ne suke son lanƙwasa kuma ga huji a tsakiyarsu. Tsakanin dogayen inci 18 zuwa 20, ruwan a tsakiya, haƙoransa suna kallon ƙasa in firam yana kwance. Danta, kusia, tik ko sapele mai miƙaƙƙiyar jijiya duk sun yi. Wawa ba zai yi ba, washa za ta nutse a cikinsa. Haɗin rami da harshe ne, ba gam ba ƙusa, ɗaurin ruwan ne yake riƙe komai. Abu ɗaya kawai ka kiyaye: tsawon dogayen daga kafaɗa zuwa kafaɗa ya zama ɗaya tak, ka zana su tare a matse. In ɗaya ya fi, firam zai murɗe. Kada kuma nauyinsa ya dame ka, nauyin ne yake danna haƙora a madadinka.

Ɗaure noti har in ka ɗana ruwan da yatsa ya yi ƙara kamar tsirkiyar molo. In ya yi "ɓaf", da saura. Ɗora sukwaya ka tabbata ruwan ya tsaya daidai da firam a ƙarshen nan da wancan.

Wurin riƙe falankin ya kan ba mutane wahala fiye da yadda suke zato, don bencin yawancin shagunanmu ba shi da nauyi. In falanki yana rawa, rabin ƙarfinka a girgiza shi yake tafiya. Samo katako biyu masu kauri, inci 3 da 4, ka huda su ka sa dogayen bolti biyu, su zama mamatsi. Ɗaya ka ɗaure shi tam a jikin benci ko ginshiƙin rumfa, ka ɗora wa bencin bulon siminti a ƙasa.

Kafin zarto ya taɓa falankin nan naka, ka bi shi da maganaɗisu lungu-lungu, ka tono duk ƙusar da ta karye a ciki, ka kankare tsohon fenti da ƙasar da ta shige shi. Goge fuska ɗaya ta miƙe, ka daidaita gefuna. Daga wannan fuskar kaɗai za ka riƙa aunawa da geji, ka zana layi biyu kewaye da falankin duka, tazararsu daidai hanyar zarto. Sannan ka fara buɗe hanya tsakanin layukan, zurfin rabin inci, gefe huɗun duka. Guntun tsohon zarton hannu da aka ɗaure a jikin katako mai ɗan shinge yana yin wannan da kyau. Mutane suna raina wannan mataki saboda gaggawa, alhali zarto ya fi son bin inda aka riga aka buɗe masa.

Kafa falankin a mamatsi ya jingina nesa da kai, yadda za ka ga layin sama da na gefen da ke fuskantarka. Layin da kake gani kaɗai za ka yanka. Fara daga kusurwa, ka sauko a karkace har ka ci kusurwar, sannan ka juya falankin ka yi haka ta ɗaya gefen. Abin da ya rage a tsakiya tudu ne mai kusurwa uku, hanyoyin da ka buɗe dama da hagu su za su riƙe ruwan ya cinye shi. Haka za ka yi ta yi, kana juyawa duk bayan inci uku ko huɗu. Ja dogo, ruwan duka ya yi aiki, ƙarfin daga ƙugu da ƙafafu, hannu riƙo kawai. Kada ka danna. In ku biyu ne, kowa ya tsare layin gabansa, kuma ka gaya wa yaronka tun farko cewa ba gasar ƙarfi ba ce, don yaro mai zafin nama ya fi katako mai gardama ɓata tsaga. Shafa kyandir a jikin ruwan lokaci-lokaci, in hanya ta fara matsewa ka sa ɗan siririn weji a sama. Da ka kusa mamatsi, juya falankin kai ya koma gindi, ka cusa 'yan siraran katako a hanyar da ka buɗe don matsi kada ya tsaga shi, ka taro daga can ku haɗu a tsakiya.

In ka ga ya fara barin layi, kada ka murɗa firam don ka komo da shi, lanƙwasa ruwan kawai za ka yi. Koma sama inda ya fara kaucewa, ka kwantar da zarton, ka sake kama layin a hankali. Akwai kuma wata matsala mai ban haushi: layi ya yi daidai a gefe biyun, amma da ka raba sai ka ga allo ɗaya da ciki, ɗayan da rami. Ruwan ne ya lanƙwashe a tsakiyar katako inda ido ba ya gani. Ɗauri ya yi sako-sako, ko haƙora sun dakushe, ko ka danna. Galibi ukun tare suke zuwa.

Shi odum yana da halinsa. Wani lokaci akwai dutse a cikinsa, wani farin abu mai tauri irin na alli da itacen yake tarawa, katakon da ke kewaye da shi ya fi duhu. Da ka ji ƙarar zarto ta sauya ka tsaya, ka tono shi da tsohon cizal in zai yiwu. Tik yana dakusar da haƙora da wuri saboda yashin da ke jikinsa, sapele kuma jijiyarsa a sarƙe take, tana jan ruwa nan da can. Ƙurar odum tana sa tari da ƙaiƙayi, ta wawa ma tana tayar wa wasu da asma, don haka ka sa takunkumi ko da kana ganin dusar hannu ba ta tashi kamar ta inji.

Da a ce katakon kasuwa ka saya, da na ja maka kunne sosai. Tun 1998 dokar Ghana ta hana tsaga katako da injin sarƙa don sayarwa, amma kowa ya san bushkot, wato wanda aka tsaga a daji da wannan injin, shi ne ya fi yawa a kasuwa, kuma da danshinsa yake zuwa. Bayansa ya bushe, cikinsa jiƙe. Ka tsaga shi yau, sabuwar fuskar ta fara bushewa ta tsuke, gobe ka tarar allon ya kantare. Naka tsoho ne, haɗarin kaɗan ne, amma shi ma kada ka goge shi ranar da ka tsaga. Jera allunan a inuwa, nesa da zafin kwano, da 'yan sanduna masu kauri ɗaya a tsakaninsu, ka danne da bulo, su yi mako ɗaya ko biyu. In ka zo gogewa ka ci fuska biyun daidai. A ƙofar kabad kuma allon ya zauna cikin kwarmin firam ba gam, ya sami wurin motsi, don abin da aka haɗa a damshin Kumasi in hunturu ya busa, ko aka kai shi Tamale ko Bawku, sai ya tsuke.

Kada odum ɗinka ya zama na gwaji. Fara da guntun sidirela ko ofram mai faɗin inci 6, ka tsaga shi, ka sake tsaga rabin, har hannunka ya san nauyin zarton kuma ka gama gyara buɗinsa. Kullum in an tashi aiki ka sassauta noti, ka shafa wa ruwan mai, don tsatsar damina a garin nan ba ta jira. Ka riƙa duban dusar da ke zuba: muddin ɓarɓashi ce mai kauri, haƙora suna ci, ranar da ta koma gari mai laushi, ka cire ruwan ka bi kowane rami da magagari gugu ɗaya ko biyu.